Gandun rake da injinsa a Bahiya: ta ina Hausawa suka shigo tarihin?

Ɗan Nima ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni matashi ne mai koyon ɗinki a unguwar Nima ta Accra, kuma ina da tambayar da ta kwana biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya. A makon jiya maigidana ya aike ni kasuwar Makola sayen zare da maɓallai, da na gama sai na ƙarasa Jamestown da ƙafa domin in ga gidan da ake kira Brazil House, saboda ya sha gaya mini cewa telolin da suka fara yin suna a Accra mutanen wannan gida ne, wato Tabon, waɗanda kakanninsu suka dawo daga Barazil a 1836. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunayen da na ji ana ambata cikin kakannin nasu, irin su Aruna da Mahama Sokoto, domin duk wanda ya tashi a zango ya san waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a kunnensa.

Wani dattijo da na tarar zaune kusa da gidan ya ce mini bayin da aka kai Barazil a gonakin rake aka fi zuba su, kuma kowace babbar gona tana da injin da ba ya hutawa dare da rana. Ni kuwa iyakar sanina da rake shi ne wanda ake fere mana a baro a bakin titi, mu sha mu zubar da tuƙa, ban taɓa kawo wa raina cewa saboda shi aka kwashe mutane aka ƙetare teku da su ba. Don haka nake roƙon masu ilimi su bayyana mini yadda irin wannan gandu yake, da yadda injinsa yake aiki a zamanin da babu lantarki babu man fetur. Ina kuma son in ji ko akwai gandu guda ɗaya da aka san tarihinsa tun daga kafuwarsa, kuma ko gaskiya ne Hausawa sun yi bauta a irinsa. Allah ya saka da alheri.

Malamin tarihi mai ritaya, Madina, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Akwai gandun da tarihinsa ya fi na sauran fitowa fili, sunansa Sergipe do Conde, a ƙasar Bahiya da ke arewa maso gabashin Barazil. Birnin Salvador yana bakin wani ƙaton lungu na teku da ya kutsa cikin ƙasa, kuma abin da ya kewaye lungun baƙar ƙasa ce mai danƙo irin ta fadama, wadda rake yake so ƙwarai. Can kusa da garin Santo Amaro, a bakin kogin da kwale-kwale yake iya bi har Salvador, aka kafa wannan gandu.

Ka fara riƙe sunan da Turawan Fotugal suke kiran irin wannan wuri, wato enjenyo. Asalin kalmar ɗaya ne da kalmar inji da muke faɗa kullum, kuma da fari na'urar matse raken kawai ake nufi da ita, amma a hankali sai ta zama sunan gandun baki ɗaya: gidan ubangida, da coci, da rinjin bayi, da gonaki, da dajin da ake saro itace, da shanu da kwale-kwale. Mutanen da suka kira dukiyarsu duka da sunan inji sun san abin da ke juya ta.

Wanda ya kafa Sergipe shi ne Mem de Sá, gwamnan Barazil na uku, wanda ya yi mulki daga 1558 har rasuwarsa a 1572. Ɗansa da ya gaje shi bai daɗe ba ya bi shi, sai dukiyar ta koma hannun 'yarsa Filipa de Sá, wadda ta auri wani basarake mai sarautar Konde na Linhares a Fotugal, kuma daga sarautar mijin gandun ya samo rabin sunansa na biyu. Da ta rasu a 1618 ba ta bar magaji ba, sai ta yi wasiyya da gandun ga makarantar limaman Katolika 'yan ɗariƙar Jesuit da ke Lisbon, kamar dai yadda mutum yake barin wakafi. Nan rigima ta ɓarke, domin 'yan ɗariƙar na Bahiya da wata ƙungiyar jinƙai ta Salvador su ma sun ce suna da haƙƙi bisa wasiyyar Mem de Sá, aka shafe shekaru gommai ana shari'a. Wannan shari'a, tare da kasancewar masu gandun suna zaune a Lisbon kuma dole wakilansu su riƙa aika musu lissafi, ita ce ta sa takardun Sergipe suka yi yawa har suka kawo zamaninmu. Gandun ya zauna a hannun 'yan ɗariƙar har 1759, shekarar da gwamnatin Fotugal ta kore su ta ƙwace dukiyarsu, daga baya aka sayar da shi.

Cikin waɗannan takardu ake ganin yadda bauta ta sauya fuska. A farkon shekarun 1570 yawancin bayin Sergipe 'yan asalin ƙasar ne, wato Indiyawan Barazil, 'yan Afirka ba su wuce bakwai cikin ɗari ba, su ma an fi sa su a ayyukan gwaninta. Zuwa 1591 'yan Afirka sun haura kashi ɗaya cikin uku, zuwa 1638 kuwa babu kowa a rinjin sai su da 'ya'yansu. Annobar agana da ƙyanda ta shekarun 1560 ta hallaka Indiyawa masu ɗimbin yawa, waɗanda suka rage suna gudu cikin dajin da suka fi kowa sani, sai masu gandu suka juyo da idonsu gaɓar tekunmu.

Yanzu ga injin. Sergipe yana cikin manyan gandaye masu aiki da ƙarfin ruwa: ana jawo ruwa ta magudana ya zubo kan wani ƙaton wili na katako, shi kuma ya juya turamen matsa. Ƙananan gandaye da shanu ko dawaki suke juya nasu. Tun wajen 1610 aka koma amfani da turame uku na katako mai tauri, a tsaye, an lulluɓe su da ƙarfe, na tsakiya yana juya na gefe biyu. Mata bayi aka fi sa wa su tsaya gaban turamen, ɗaya tana cusa rake, wata a ɗaya gefen tana mayar da shi domin a tatse ragowar ruwan. Ana ajiye sandar ƙarfe da adda kusa da su, saboda idan barci ya fizgi mace turmi ya kama yatsunta, injin ruwa ba ya tsayawa nan take, sai dai a datse hannun kafin ya ja sauran jiki. Ba a rasa baiwa mai hannu ɗaya a manyan gandaye.

Daga turame ruwan rake yana gangarawa ɗakin dahuwa, inda aka jera manyan tukwane na jan ƙarfe a kan murhuna. Ana tafasa shi, ana zuba ruwan toka domin datti ya taso a kwashe kumfa, ana juye shi daga tukunya zuwa tukunya har ya yi kauri. Akwai gwanin sukari wanda da ido da hanci yake gane lokacin saukewa, kuma albashinsa yana cikin mafi tsoka a gandun. A ƙarƙashin tukwane kuwa bayi ne suke cusa itace cikin wuta dare da rana, kuma wannan aiki sau da yawa horo ne ga wanda ya gudu aka kamo shi, wani ma da mari a ƙafa yake yinsa. Idan ruwan ya dahu sai a zuba shi cikin tukwanen yumɓu masu siffar mazurari da ƙaramar kafa a gindi, a jera su a ɗakin tacewa, a shafe bakinsu da jiƙaƙƙen yumɓu. Danshin yumɓun yana tsattsafowa ta cikin sukarin yana wanke baƙin maɗi zuwa ƙasa har tsawon makonni, in an kife tukunyar sai a samu fari a sama, ja a tsakiya, baƙi a gindi, kowanne da kuɗinsa.

Kakar matsa tana farawa wajen Agusta ta kai Mayu, kusan wata tara, kuma a cikinta injin yana aiki sa'a goma sha takwas zuwa ashirin kowace rana. Ba duk raken ne na mai gandu ba. Akwai manoma da ke kewaye, su ma da nasu bayin, waɗanda suke kawo rakensu a matse, mai inji ya riƙe rabin sukarin, in kuma ƙasarsa suke haya ya ƙara karɓar wani kaso a kai. Wani limamin ɗariƙar mai laƙabin Antonil ya je Sergipe ya ga aikin da idonsa, ya wallafa bayaninsa a Lisbon a 1711, inda ya ƙirga injuna 146 a Bahiya, ya kuma rubuta cewa bayi su ne hannuwa da ƙafafun mai gandu. Gwamnati ta hana littafin yawo jim kaɗan bayan fitowarsa, don kada baƙi su san sirrin arzikin ƙasar.

Alhaji mai goro, Aboabo, Kumasi, ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ina karanta bayaninka sai na ji ƙamshin dahuwar rake a hancina, domin a shekarun da nake kai goro Arewa na sha yada zango a ƙauyukan Maƙarfi da rani, lokacin da ake yin mazarƙwaila. Ɗana na Nima, abin da Malam ya kwatanta maka ƙaramin ɗan'uwansa yana nan a ƙasar Hausa. Za ka ga turamen ƙarfe a tsaye a tsakiyar fili, an ɗaura musu doguwar sanda, doki yana zagayawa da ita, yaro yana biye da shi da tsumagiya, wani kuma yana tsugune ƙarƙashin sandar yana cusa rake, duk zagayen da dokin ya yi sai ya sunkuyar da kai. Ruwan yana zuba cikin garwa, a kai shi babban kasko a dafa, ana hura wutar da busasshiyar tuƙar raken, in ya yi kauri a zuzzuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Na taɓa ganin wani mai cusa rake da yatsu biyu kacal a hannun dama, kuma bai ɓoye mini ba cewa turmin ne ya cinye sauran wata rana da gajiya ta yi masa yawa. Shi ɗa ne, da ladansa yake aiki, kuma ana yi wa doki tsawa ya tsaya. Sai ka auna halin baiwar da ruwa ne yake juya nata turmin.

Abin da nake son ka fahimta shi ne dalilin da ya sa injin ba ya hutawa, domin masu mazarƙwaila sun koya mini shi. Rake ba gero ba ne. Gero in ka yanka ka ɗaure dami ka zuba a rumbu, ya jira ka har baɗi. Rake kuwa in an sare shi yau, to gobe ko jibi dole a matse, in ba haka ba ya fara bushewa yana tsami, kuma ruwan da aka matso in bai hau wuta da wuri ba ya lalace. Saboda haka mai sara a gona, da mai keken shanu, da mai cusawa, da mai hura wuta duk igiya ɗaya ta ɗaure su, in ɗaya ya tsaya kowa ya yi asara. Mai mazarƙwaila yana sare abin da dokinsa zai iya matsewa a yini ne, in dare ya yi ya kwance doki. Wanda ya zuba dukiya mai yawa a inji da tukwanen jan ƙarfe, kuma jirgi yana jiran kaya a bakin teku, ba zai kwance kowa ba.

Ina kuma ganin bai kamata mu yi maganar nan kamar kalmar gandu baƙuwa ce gare mu ba. A ƙasar Kano da Zazzau akwai gandayen sarakuna da na attajirai, akwai rinji, akwai sarkin gandu, bawa yana noman ubangidansa daga safe zuwa azahar sannan ya wuce gayaunarsa. Nan ƙasarmu ma kakanninmu fatake sun san kasuwar Salaga, kuma ba goro kaɗai ake ciniki a cikinta ba. Bature ya saya a bakin teku, amma kafin Bahaushe ya isa bakin teku hannun baƙar fata ya bi. Wannan magana tana da ɗaci, sai dai matashin da ya tambayi tarihi ya cancanci a ba shi da ɗacinsa.

Hajiya ɗalibar jami'a, Legon, ta amsa:

Baba Malam da Baba Alhaji, ina gaishe ku da girmamawa, kuma ina neman izini in ƙara kan ɓangaren tambayar da ya shafi Hausawa, domin akwai wurin da shekaru suke buƙatar a lura da su. Ƙanena, duk zamanin da Baba Malam ya bayyana maka, daga Mem de Sá har korar 'yan ɗariƙa a 1759, ya gabaci zuwan Hausawa Bahiya da yawa. Bayin ƙarni na 17 galibi daga Angola da Kongo aka kai su, na ƙarni na 18 kuma daga ƙasashen Dahomey da maƙwabtanta. Hausawa sun fara cika jirage ne a farkon ƙarni na 19, lokacin da abubuwa biyu suka haɗu. Tawayen bayi na Haiti da ya fara a 1791 ya rushe babbar mai samar da sukari ta duniya, farashi ya tashi, masu gandu a Bahiya suka buɗe sababbin injuna suna neman hannuwa. A ƙasar Hausa kuma yaƙe-yaƙen jihadi sun tashi a 1804, kamammu daga ɓangarorin biyu suka riƙa gangarowa ta ƙasar Nupe da Yarbawa zuwa Ikko da Badagry da Porto Novo da Wida. Injin da suka tarar bai bambanta sosai da wanda aka kwatanta a 1711 ba.

Ba su zauna shiru ba. A watan Mayu na 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a Salvador kafin ya tashi. A Janairun 1809 ɗaruruwan bayi da suka gudu, mafi yawansu Hausawa, suka kai hari garin Nazaré. A Fabrairun 1814 suka ƙone wuraren kamun kifi a Itapuã, kuma takardun shari'a sun kira jagoransu da laƙabin malomi, wanda duk Bahaushe zai ji malam a cikinsa. A Fabrairun 1816 kuwa bayin yankin Santo Amaro da São Francisco do Conde, wato ainihin yankin da Sergipe yake, suka tashi suka cinna wa gandaye wuta na tsawon kwanaki. Babban tawayen Musulmi na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na watan azumi, Yarbawa ne suka fi yawa a cikinsa, amma akwai Hausawa, ciki har da wani malami mai sayar da taba da ake kira Dandara. Niyyarsu ita ce su fita daga birni su haɗu da bayin gandaye, sai sojan doki suka tare su a hanya. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi, an kuma kwashe alluna daga ɗakunansu, kuma wasu daga cikin takardun suna nan a ma'ajiyar tarihi ta Bahiya.

Inda nake son in ja hankalinka shi ne kada ka ɗauki kakannin Tabon kai tsaye a matsayin bayin da suka fito daga gaban turame. Waɗanda suka ƙetaro teku bayan 1835, ko korarru ko masu biyan kuɗin jirgi da kansu, mutane ne da suka riga suka sami 'yanci, kuma 'yanci ya fi samuwa a birni. A Salvador akwai tsarin da ya yi daidai da murgu na ƙasar Hausa: bawa ya fita ya yi dako ko aski ko ɗinki ko talla, ya kawo wa ubangidansa abin da aka yanka masa, ya tara ragowar har ya fanshi kansa. Wannan ne ya sa kakannin Tabon da Nii Ankrah, sarkin unguwar Otublohum ta Accra, ya karɓa ya ba su masauki suka iso da sana'a a hannu, ɗinki da gini da haƙar rijiya, har aka buɗe shagon ɗinkin nan na First Scissors House a 1854. Bawan gandu ba shi da wannan dama sai ƙalilan. A rinjin rake mutuwa ta fi haihuwa yawa, shi ya sa ake ta sayo sababbi, kuma mafi yawan Hausawan da aka kai can a can aka binne su. Barazil ba ta rufe safarar bayi da gaske ba sai 1850, bautar kanta kuwa sai 13 ga Mayun 1888.

Akwai wata takarda da nake son kowa ya san da ita, daga gandun Santana da ke Ilhéus a kudancin Bahiya, wanda shi ma asalinsa na Mem de Sá ne kuma ya bi ta hannun 'yan ɗariƙar. A 1789 bayinsa suka kashe gwanin sukarin gandun, suka kwashe kayan aiki suka shiga daji, injin ya tsaya cik kusan shekara biyu. Daga dajin suka aika wa ubangidansu, Manuel da Silva Ferreira, sharuɗɗan sulhu a rubuce. Sun nemi a bar musu Juma'a da Asabar su yi aikin kansu, a ba su taru da kwale-kwale, a bar su su shuka shinkafa inda suka ga dama, a rage yawan raken da ake yanka wa kowa, a ƙara mata a gaban turame, kada a naɗa musu shugaban aiki sai da yardarsu, kuma a bar su su yi wasa da waƙa ba tare da neman izini ba. Duk wanda ya karanta zai ga mutane ne da suka san aikin injin fiye da mai shi. Ubangidan ya nuna ya amince, da jagoransu Gregório Luís ya zo da mutum goma sha biyar sai ya sa aka kama su. Abin da ya fi sosa mini rai a takardar shi ne cucanawa ne suka rubuta ta, wato haifaffun gandu, kuma a ciki sun ce ayyukan da ba sa so, irin su shiga laka neman abin teku, ubangida ya tura bayinsa 'yan Mina. Ko a cikin rinji ɗaya, haifaffen gida yana ganin sabon zuwa a ƙasa da shi.

Ɗan Nima ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, Baba Alhaji da Yaya Hajiya. Na karanta wa maigidana amsoshinku a shago bayan la'asar, har ya dakatar da keken ɗinki da aka zo kan maganar murgu. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini, wato Mina da Yaya ta ambata. Shin Elmina tamu ta nan Ghana ake nufi, kuma shin Turawa sun taɓa gwada kafa irin wannan gandu a ƙasar nan?

Malamin tarihi mai ritaya, Madina, ya sake amsawa:

'Yata Hajiya ta yi gyara mai kyau, kuma na karɓa. Ɗana, sunan daga Elmina ya fito, daga ganuwar da Fotugal ta gina a 1482, amma a bakin mutanen Bahiya Mina ta zama sunan duk gaɓar da ta miƙa gabas, musamman tashoshin da ke hayin kogin Volta irin su Popo da Wida. Saboda haka ɗan Mina a takardunsu yana iya zama mutumin Dahomey ko Bayarabe, daga baya ma har Bahaushe. Duk da haka Elmina tana da hannu a cinikin, kuma a nan baƙin maɗin da na ce yana tsiyaya daga gindin tukwane ya dawo cikin labari. Bahiya tana noman taba, mai kyau a kai Lisbon, ta ƙasa kuma a murɗa ta kamar igiya a shafe ta da wannan maɗi don kada ta bushe. Maɗin ya ba ta zaƙi da ƙamshin da mutanen gaɓar nan suka fi so a kan kowace taba, har ta zama babban abin sayen bayi. Tun da Turawan Holan suka ƙwace Elmina a 1637 suka wajabta wa jiragen Fotugal su tsaya can su biya kashi goma cikin ɗari na kayansu kafin su wuce gabas. Ka ga ke nan abin da baiwa ta matso da hannunta a Sergipe, da shi ake zuwa a sayo wanda zai maye gurbinta.

Game da tambayarka ta biyu, an gwada, kuma wurin bai da nisa da inda nake zaune. Bayan Danmak ta yi dokar hana safarar bayi a 1792, wadda ta fara aiki a 1803, Turawanta da ke ganuwar Osu suka yi tunanin su noma kayan da Turai take so a nan, da bayi, ba tare da an ƙetare teku da kowa ba. Suka kafa gandaye a gindin duwatsun Akuapem, wanda aka fi sani shi ne Frederiksgave a ƙauyen Sesemi kusa da Abokobi, wanda ya zama mallakar gwamnatinsu a farkon shekarun 1830. Kofi suka fi shukawa, kuma bai yi albarka ba, har gidan ya koma wurin da ma'aikatansu marasa lafiya suke zuwa shan iska. A 1850 Danmak ta sayar wa Ingila duk abin da ta mallaka a gaɓar nan kan fam 10,000, gidan ya zama kango, sai da masana daga Legon da gidan tarihin Danmak suka tono shi suka sake gina shi, aka buɗe a 2007. Babu turamen rake a can, amma za ka ga gidan ubangida a kan tudu yana kallon filin da rinjin bayi yake. Ranar da maigidanka ya ba ka hutu, ka hau torotoro zuwa Madina, daga nan ka kama na Abokobi, ka nemi a nuna maka hanyar Sesemi. In ka isa ka tambayi mutanen garin tsofaffin itatuwan tsamiya, domin ragowar layin da aka sa bayi suka dasa ne a gefen hanyar da ta taso daga Osu, saboda Turawan da ake ɗaukowa a ragaya su sami inuwa.